Jakar Sakainar Kaka

Kakana, mahaifin Babana, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Wata bakwai ya yi yana fama da ciwon da ya hana shi miƙe ƙafa, har in an juya shi kan tabarma sai ya cije leɓe don kada mu ji. Shi ya sa da labarin ya iske mu a Dogon Dutsi, abin da ya fara zuwa raina, tun kafin kuka, shi ne: to, ya huta. Na yi ta jin kunyar wannan tunani, sai da na ji Gwaggo, yayar Babana, ta faɗi haka da bakinta a gaban mutane, sannan na samu sauƙi.

Ina zaune gidan Baffa, autan su Baba, saboda kolej. Shekara biyu ke nan ina gidansa, amma ban taɓa yin magana mai tsawo a gabansa ba. Ba mugu ba ne. Yana da shago a kasuwa, yana karatun addini sosai, kuma shi ke saya mini kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, duk shekara. Ni ce dai in babba ya kalle ni sai harshena ya yi nauyi. Tare muka shiga motar ƙauye ta hanyar Dogon Kiriya, muka iso an riga an kai Kaka. Baba yana can bakin teku wajen nema, bai samu isowa ba sai daga baya, don haka Baffa ne ya zama namijin gida a kwanakin zaman makoki.

Ni aka sa wa aikin kai ruwa, saboda haka na ji abubuwa da yawa. A rumfar ƙofar gida wani tsoho ya ce, "Bawan Allah nan bai taɓa ɗaga murya bisa kowa ba." Na kusa da shi ya ce, "Sai in ka ci burtali." Suka yi ƴar dariya ƙasa-ƙasa, suka koma jan carbi. A cikin gida kuma matan Fulani suka zo daga ruga su biyar, kowace da ƙwarya a kai, babu nono a ciki. Babbarsu ta kife tata a gaban Inna, mahaifiyata, ta bi wani ɗinki da yatsa tun daga baki har gindi. Ta ce, "Shi ya ɗinke ta. Ɗiyar da nake goye da ita ranar da ya ɗinke ta, yanzu tana da goyo, ita kuwa ƙwarya ko ɗigo ba ta yi." Kaka gyartai ne. Ya ɗinke ƙoren garin nan da na rugage shekara da shekaru, har roba ta zo ta raba shi da aikin.

Sai maƙwabciyarmu mai awaki ta shigo. Ta zube tana kuka na gaskiya, tana cewa, "Wayyo, tsoho ya tahi! Wa za shi duba muna yanzu in abu ya ɓace?"

Wasu mata suka gyaɗa kai. Wata ta ce a hankali, "Ai gado ne, uwarsa fa ƴar bori ce." Baffa yana wucewa da buta a hannu a daidai lokacin. Ya tsaya cak. Ruwan butar yana zuba kan ƙafarsa bai sani ba. Ni na gani, kuma na san inda maganar ta samo asali.

Bayan rasuwar Kakata mace, Kaka ya rasa abin yi da hannuwansa. Ɗakinsa cike yake da sakaina, guntayen ƙoren da suka fashe har suka wuce ɗinki. Sai ya shiga yanka su ƙanana masu kusurwa huɗu, kowace kamar girman kwalin ashana, yana goge bakinsu da dutse. Ya sa basilla a wuta, ya yi musu zane. Ɗige-ɗige gona ce. Layi biyu a jere burtali ne, wato hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Da'ira rijiya ce. Wata sakainar rabi gona rabi burtali, wata burtalin ya lanƙwasa, wata ya rabu biyu. Ya zuba su a tsohuwar jakar fatar da yake yawon aiki da ita, ya kira ni, ya ce, "Madam, zo ki sha kashi." Madam yake kirana tun da na shiga lakwal, makarantar boko.

Wasan ba shi da wuya. A aza rijiya ɗaya a tsakiyar tabarma. Kowa ya sa hannu a jaka ba tare da ya leƙa ba, ya zaro ɗaya, ya jingina ta da waɗanda ke ƙasa. Wanda ya kammala kewaye gona ya ɗauki ƴaƴan tsamiya daidai girman gonar. Wanda ya kai burtali bakin rijiya ya ɗauki biyar. Doka ɗaya ce ta fi sauran: duk wanda ya toshe bakin burtali da gona, to ya mayar da ƴaƴan tsamiyarsa gaba ɗaya. Wanda ya ƙare da mafi kaɗan shi ke ɗebo wa kowa ruwan alwala.

Ranar farko da na toshe burtali don in rufe wata ƙatuwar gona, Kaka ya kwashe ƴaƴana yana dariya har da tari. Ya ce, "Akwai wanda ya taɓa yi mini haka a gonar gaske." Na ce, "Wa?" Ya ce, "Zaro dai, ke kike da hannu."

In na yi ƙorafi cewa gona kawai nake zarowa, sai ya ce, "Abin da hannunki ya ɗauko ba laifinki ba ne, Madam. Ni inda kika aza shi nake kallo." Ya faɗi wannan ya fi sau ɗari. Kuma in ladan ya buɗe baki, ko sakaina tana hannunsa ya ga inda zai ci, sai ya ajiye ta a kife, ya ce, "Ta jira."

Amma kada wani ya ɗauka tsohon nan ba ya maguɗi. Na lura in ya sa hannu a jaka yakan daɗe, yana kallon sama yana ba ni labarin wani ɗan kasuwar Tibiri, alhali yatsunsa na aiki a ciki. Yatsun gyartai ne, sun san kowace sakaina da lanƙwasarta da ramin ɗinkinta. Sati biyu ina kallo ban ce komai ba. Ranar da ya zaro rijiya sau uku a jere, na tashi na tafi bayan rumbu na zauna. Kwana biyu ban shiga ɗakinsa ba. Rana ta uku ya aiko ƙanwata da goriba biyu da saƙo: wai a gaya wa Madam ɓarawo ya tuba, ta zo ta kafa doka. Dokar da na kafa ita ce in ƙirga uku da Faransanci, an, de, turwa, kafin in gama hannunsa ya fito. Bai taɓa daina ƙorafi ba. Yakan ce, "Turwa ɗin nan taki ta cika gudu. Ki ƙirga da Hausa mana, ta fi natsuwa."

Inna ba ta taɓa ganin wasan da idonta ba. Surukinta ne, ba ta zama inda yake, abinci ma daga bakin ƙofa take ajiyewa ta juya. Dariyarmu kawai take ji. Gwaggo tana aure a Tibiri, in ta zo gaisuwa ce da komawa. Ƙannena ƙanana ne, su dai a ba su ƴaƴan tsamiya su tara. Ni kaɗai na san dokokin duka.

Maganar akuya kuwa ga yadda ta faru. Bazarar bara, ina gida hutu, muna cikin wasa a zaure, na hango jar akuyar maƙwabciyarmu ta wuce tana jan guntuwar igiya, ta nufi rijiyar gari. Can sai ga matar ta shigo tana haki, wai ta duba ko'ina. Na so in faɗa mata, kunya ta hana ni. Sai na sunkuya na raɗa wa Kaka. Da ya gaya mata kai tsaye, da shi ke nan. Amma tsohon nan da son wasa. Ya ɗaure fuska, ya girgiza jaka, ya sa hannu, ba wanda ya ƙirga masa uku, ya zaro rijiya, ya kalle ta ya ce, "Je ki rijiya." Ta je ta iske akuyarta tana lasar laka.

Kafin mako ya zagayo mutum uku sun zo, ɗaya da kaza a hannu. Kaka ya rantse musu wasa ne, ya kore su da kazarsu. Suka tafi suna cewa ai masu abin ba su faɗi. Ya ce mini, "Madam, wasana ya yi yawa. Na yi istigfari, ke ma ki taya ni." Ni kuwa na san da na buɗe baki tun farko da babu wannan duka. Na koma Dogon Dutsi ban gyara ba. Daga baya da ciwo ya kwantar da shi, masu zuwa dubiya sukan iske shi shi kaɗai ya baje sakaina a gabansa yana magana ƙasa-ƙasa. Wasa yake da ni ba na nan, yana zaro mini, yana zaro wa kansa. Su kuma suka ga abin da suka gani.

Rana ta uku ta zaman makoki, bayan la'asar, Baffa ya shigo cikin gida. Kwana biyun nan bai ci abin kirki ba, na sani don ni ke ɗauko kwanonsa. Ya tsaya daga wajen ɗakin Inna ya yi sallama.

Ya ce, "Yaya, mi ke cikin jakar da mutane ke magana?"

Inna ta ce, "Wallahi ban taɓa buɗe ta ba. Na dai san suna wasa da yara."

"Har yara ya sa ciki?"

Muryarsa ta karye a wurin. Ba fushi na ji a cikinta ba, tsoro na ji. Ya shiga ɗakin Kaka ya fito da jakar, ya riƙe ta da yatsu biyu nesa da rigarsa. Ya ce wa Gwaggo, "Ba zan bar abin nan ya kwana gidan nan ba. In ya yi, Allah ya yafe masa. Ni dai abin da zan iya yi masa ke nan." Ya nufi murhun da ake dafa tuwon baƙi, wutar na ci sosai.

Ina tsugune kusa da murhun ina wanke kofuna. Na ga in jakar ta faɗa wuta, ba sakaina kaɗai za ta ƙone ba. Kowa zai ce ɗansa da kansa ya tabbatar, kuma Kaka zai zauna a bakin mutane a matsayin mai duba har abada, Baffa kuma ya rayu yana tsoron abin da mahaifinsa ya tarar. Na nemi magana mai kyau, irin wadda ake rubutawa a kaye, ban samu ba. Abin da ya fito shi ne:

"Baffa, ba su cika ba."

Ya juyo. "Mi?"

"Saura ɗaya. Tana wurina."

Gaskiya ne. Duk ƙarshen hutu Kaka yakan ba ni rijiyar da ake fara wasa da ita, in tafi da ita cikin jakar bik ɗina. Yakan ce, "Riƙe, don ki san dole ki dawo. Ni zan lallaɓa da dutse."

Baffa ya ce, "Ɗauko ta." Fuskarsa ta ƙara ɓaci, don ya gane abin ya kwana biyu a gidansa ma.

Na ɗauko. Ban miƙa masa ba. Sai na durƙusa na aza ta a tsakiyar tabarmar da ke nan, kamar yadda na saba. Da na gan ta a wurinta sai bakina ya samu hanya. Ban kalle shi ba, tabarma na kalla. Na ce, "Wannan rijiya ce. Da ita ake farawa. Wasa ne, Baffa. Sunansa burtali."

Gwaggo ce ta fara motsi. Ta karɓi jakar daga hannun Baffa kamar tana karɓe wuƙa daga hannun yaro, ta zauna daɓas, ta ce, "To ɗiyata, nuna mini. In aljani ne ciki ya fara da ni, na riga na tsufa."

Na ce ta zaro ɗaya kada ta leƙa. Ta zaro burtali mai lanƙwasa. Na nuna mata inda zai zauna. Na zaro gona na jingina. Muka yi ta yi, ina faɗin dokoki ɗaya bayan ɗaya, muryata na ƙara fitowa. Mata suka matso. Baffa yana tsaye a kanmu, hannuwansa a baya.

Ya ce, "Da kuɗi ake yi?"

Na ce, "Da ƴaƴan tsamiya. Wanda ya sha kashi shi ke ɗebo ruwan alwala."

"To akuyar fa?"

Nan ne wurin da na fi tsoro. Na ce, "Ni na gan ta ta wuce. Na ji kunyar faɗa, na raɗa wa Kaka. Shi kuma ya san rijiya da taɓi, don yana maguɗi. Daga baya ya ce ya yi istigfari."

Maƙwabciyarmu tana cikin masu kallo. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ke! Ashe ke ce bokan? Kika bar ni na yi shekara ina gaishe da tsoho a durƙushe?" Dariya ta ɓarke a gidan makoki, har Inna daga bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Baffa bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki sakaina ɗaya, ya duba zanen, sannan ya juya bayanta. Ya daɗe yana kallo. A bayan akwai tsohon ado, ƴan tsuntsaye a jere, rabin ɗaya ya yanke. Ya juya wata, ya sake juya wata, ya haɗa guda uku a tafinsa har tsuntsayen suka hau layi.

Ya ce wa Gwaggo, "Yaya, dubi nan."

Gwaggo ta duba, ta ce, "Ƙwaryar furar mahaifiyarmu ce. Wadda ka fasa."

"Ya ce mini ya zubar da ita."

"Shi? Ya taɓa zubar da wani abu?"

Baffa ya zauna a ƙasa, ba ma kan tabarma ba, da farar rigarsa. Ya sauke numfashi mai tsawo, irin na wanda ya sauke buhu. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, na ukun da ƙyar ya fito. Ya share ido da bayan hannu, ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba shi ma, "Da kin yi shiru yau, da na ɗauki alhakin mahaifina."

Gwaggo ta tura masa jakar da ƙafa. "Zaro mana, Malam. Ko shi ma haramun ne?"

Ya ce, "In bai hana salla ba, kuma ba kuɗi ciki..." Ya sa hannu. Na kusa fara ƙirga masa uku, na kama bakina.

Ya iya, abin mamaki. Kan ɗan kasuwa gare shi, nan da nan ya gane inda riba take. Ya tara ƴaƴan tsamiya sun fi na kowa, ya shiga gina wata gona babba a gefen gabas, saura sakaina ɗaya ya rufe ta. Ya zaro, gona ce. Ya aza ta da sauri, ya miƙa hannu zai kwashi ladansa. Ni kuwa na ga inda ta zauna. Na faɗi dokar tun farko, amma a lokacin ƙwaryar mahaifiyarsa yake kallo.

Na ce, "Baffa."

"Na'am?"

"Ka toshe burtali. Za ka mayar da su duka."

Gwaggo ta leƙa, ta ga gaskiya ne, ta faɗi gefe tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Wayyo Allah, ya sake! Ɗiyata, kin san mi ya kai Baffanki birni? Yana saurayi ya ci burtali da kuyya uku, layin shuka uku ke nan, don gona ta ƙaru. Tsoho ya bari sai da hatsi ya tsiro ya kai gwiwa, ya je da hannunsa ya tumɓuke shi tas a gabansa. Wanga ya yi fushi ya hau mota, damina biyu bai tako garin ga ba."

Sai a lokacin na san wanda Kaka yake nufi.

Baffa ya kalli sakainar da ya aza, ya kalli burtalin da ya mutu a gindinta. Ya ce, "Don ni ya kafa dokar nan." Sannan ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya tattara ƴaƴan tsamiyarsa da hannu biyu ya zuba a tsakiya, bai rage ko ɗaya ba. Ladan ya kira magariba. Akwai sakaina a hannuna, na kife ta a tabarma. Baffa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya tattara butoci huɗu ya nufi randa. Wata mata ta zabura za ta karɓa, ya ce, "Bari. Ni na sha kashi."

Jakar tana rataye a ɗakin Kaka yanzu. Inna ta koyi wasan, ta kuma fi kowa zafi a kai. Da za mu koma Dogon Dutsi na mayar da rijiyar cikin jaka, don wanda nake riƙe wa ita ba ya nan. Muna bakin mota Baffa ya zaro ta daga aljihunsa ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe, Madam. Hutu na zuwa tare za mu zo, ina da ramuwa."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa maguɗinsa da wasan akuya, ya haɗa shi da mai ƙwaryar tsuntsaye. Bai taɓa yarda a toshe wa ko dabba hanyar ruwa ba. Allah ya bar masa tasa a buɗe.